Azumin Surukina da Tsinken Gwaji

Ruwan da aka tafka shekaranjiya ya cika lungunmu na Ƙofar Marusa, sai da na tattare zani na bi gindin katanga kafin in kai asibiti. Ina shiga na tarar da wata yarinya cikin sababbin ma'aikatanmu ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, tana ta zuba da ƙawarta kan ankon biki, hannunta kuma yana yage ledar tsinken gwajin kwalara kamar mai ɓare alewa. Ta ɗiga, ta tsoma, ta ajiye, ko kallonsa ba ta yi ba.

Na ce, "Ke, kin san abin da ke hannunki kuwa?"

Ta ce, "Tsinke ne mana, Sista."

Wai tsinke ne mana! Na so in ja kunnenta, sai kuma dariya ta kama ni. Ina laifinta? Ta tashi ta tarar da shi cike da kwali a kan tebur. Ni kuwa na san daminar da ya fara shigo mana gari, na kuma san ranar da ya shiga gidanmu ya raba gardama tsakanina da surukina.

A waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina. An kwana biyu da komawar sojoji bariki, farar hula sun zauna daram a kujera, bangon kowane lungu ya sha fastocin 'yan takara, wata a kan wata, ruwan sama yana wanke musu fuska. Kansilanmu ya yi mana alkawarin rijiyar burtsatse, har aka zo aka kafa allo aka yi tafi. Allon ya zauna yana tsatsa. Famfo kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa, in ma zai kawo sai ya gama tari da shaƙuwa. Don haka rijiya muke sha, da jarkokin 'yan ga-ruwa waɗanda ba wanda ya san inda suke ɗebowa.

Ruwan sama kam an yi shi. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, kafin ka tattara tabarmi ya sauko. In ya ɗauke kuma rana ta fito da fushi, ƙasa ta riƙa turiri, gumi ya manne wa mutum riga a baya. Ban taɓa jin ƙishirwa irin ta azumin nan ba, ga ruwa ko'ina har idon sawu, ga maƙogwaro a bushe. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, masai na gidaje suka taso. Rijiyar gidanmu da ke cinye igiya duka da rani ta cika har ana iya kamfata da ƙwarya, ruwan ya yi launin kunun kanwa. Katangun ƙasa suka jiƙe suna zubewa da rana tsaka. Ƙudaje kuwa, ka ɗaga murfin kwano su riga ka sa hannu.

Ga shi lokacin da tsohon gero ya ƙare, sabo yana gona bai nuna ba. Inna, uwar maigidana, ita ke riƙe da awon gida, kuma a watan nan da ido take auna tiya kafin ta auna da hannu. Kununmu ya tsinke har kana hango gindin kofi. Rama da tafasa da zogale su suka rufa mana asiri, a kwaɗanta da ƙuli a cika ciki. Da sahur mu yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi yana fitar mana da hawaye kafin ɗumame ya yi zafi. In an yi asuba na ɗan kishingiɗa, gari na wayewa in saɓa jaka in tafi aiki. Da azahar in dawo in tarar Inna ta jiƙa wake, mu surfa tare, a kai niƙa, a dama kunun tsamiya, a ɗora kaskon ƙosai a ƙarƙashin rumfa saboda yayyafi. Rana na yin ja sai kwanuka su fara yawo tsakanin gidaje, namu ya fita da ƙosai ya dawo da dambu, na maƙwabta ya shigo da ɗanwake ya koma da kunu. Ko a shekarar da babu, kwano ba ya komawa gida wayam. Sannan ladan ya ɗaga murya, kowa ya kai kofi baki, ka ji sanyin ruwa yana bin jijiya har yatsun ƙafa.

Shi maigidan duka, surukina, Baba muke ce masa, sunansa kuwa har yau ba ya fita a bakina. Maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, tun yana saurayi a unguwar Gobarau ya koya. Zaure ne wurin zamansa, allura a hannu, riga a cinya, ya ƙura wa zare ido tun hantsi har hasken rana ya gaza. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da, wadda yaran yanzu za su ce wahala ce. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan wuce zaure na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, shi kuma ya amsa wa bango. Ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa taka ɗakinsa ba. Sunana Murja, amma a bakinsa ni ce "mutanen asibiti". Ina tsaye a wurin zai ce wa Inna, "Hwaɗa ma mutanen asibiti an gode da tuwo." Maigidana ma bai tsira ba, shi ne ɗan fari, don haka tsakaninsa da mahaifinsa sai sunkuyar da kai.

Kuma Baba yana da tsohon ciwo game da asibiti. Zamanin soja an taɓa yin damina irin wannan, amai da gudawa suka kama ƙanensa, Kawu Mani. Aka ɗebi bayan gidansa a kwalba za a kai babban ɗakin gwaji a wani gari, aka yi ta jiran motar da ke da mai. Sakamakon ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Tun daga ranar Baba yake cewa mu mutanen asibiti mun iya sanin ciwo sarai, amma sai an dawo daga maƙabarta. Maganar tana ƙona mini rai, don ni ma na sha riƙe irin takardar nan a hannu ina neman mai ita, a ce mini ai an rufe shi.

To, ana cikin haka, azumi bai yi nisa ba, aka kira mu bita. Wata likita ta ɗora kwali a tebur ta yanke shi, ta zaro wata 'yar leda, ta fito da abu siriri fari wanda bai kai tsawon yatsa biyu ba. Ta ce wannan zai gaya mana ko kwalara ce, a nan inda muke zaune, ba mota, ba wuta, ba firji. A ɗebi ruwan bayan gidan mara lafiya a mazubi mai tsabta, busasshe, wanda ba a sa masa kowane magani ba. A ɗiga kaɗan a 'yar kwalbar da ta zo da shi, a girgiza, a tsoma tsinken, a jira minti goma sha biyar. Jan layi ɗaya, tsinken yana aiki amma bai ga komai ba. Layi biyu, ita ce.

Wallahi tafi na yi, ni kaɗai, a gaban manya. Malam Bishir na ɗakin gwajinmu, mutumin da shekara da shekaru ban ga haƙorinsa ba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Allahu akbar. A sake hwaɗi in ji." Likitar ta ja mana kunne cewa tsinke ba magani ba ne, kada mu jira shi kafin mu fara ba mutum ruwa, kuma dole a ci gaba da aika kwalba babban ɗakin gwaji don a tabbatar. Aikinsa kawai ya yi mana kururuwa da wuri. Na ji duk wannan, amma zuciyata tana can tana rawa. Abin da ke cin mako ya dawo bai kai dahuwar kunu ba!

Ba a jima ba aka fara kawo mana masu amai da gudawa daga wajen Ƙofar 'Yandaka. Ranar da na fara tsoma tsinken da hannuna, mu duka muka kewaye tebur kamar masu kallon ƙwai zai ƙyanƙyashe. Da layi na biyu ya bayyana, tsoro da murna suka haɗe mini wuri guda, tsoron abin da ya shigo gari da murnar mun gan shi tun yana bakin ƙofa. Kafin la'asar an tura ma'aikata unguwar suna zuba magani a rijiyoyi.

Na koma gida bakina ba ya rufuwa. Na tsaya a tsakar gida ina ba Inna labari da ƙarfi, da gangan, don ya kai zaure. Ya kuwa kai. Sai muka ji muryar Baba: "Tambayi mutanen asibiti, shi wanga tsinke aljani gare shi, ko duba yake yi?" Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ni kuma na cije leɓe. A ranar na kawo galan na bilic, ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, na kafa doka a gidan: a tafasa ruwan sha, a wanke hannu, a wanke masai da buta da komai da ruwan bilic. Inna ta karɓi dokar hannu bibbiyu. Ta ƙaunaci bilic ɗin nan fiye da turare, har tsintsiya sai da ta yi wa wanka.

Ranar da abin ya faru, na fita da safe ban ga Baba a zaure ba, na ɗauka barcin bayan asuba ne. Hantsi ya ɗaga sai ga maigidana a ƙofar asibiti a kan mashin, wandonsa duk taɓo. Kalma biyu ya faɗa, "Baba ne." Na nemi izini wurin shugabarmu, na zari jakar da muke fita unguwa da ita, na hau bayansa ba tare da na gyara mayafi ba.

Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakin Baba, labule a sake. Ta ce tun bayan sallar asuba yake zagawa, yanzu ma ya kasa kai kansa, kuma abin da ke fita fari ne tsararo kamar ruwan wankin shinkafa. Alamar kwalara ke nan. Nan take na haɗa ruwan gishiri da sukari a tafasasshen ruwa, na miƙa mata kofi. Ta shiga, ta fito da shi yadda yake.

"Ya ce azumi yake."

Na ce, "Inna, ki ce mashi Allah ya yahe ma mara lahiya."

Ba ta ma kai ga juyawa ba muryarsa ta fito ta bayan labule, a dishe, kamar ba tasa ba. "Hwaɗa ma mutanen asibiti na san hukuncin tun ba a haihe su ba. Mara lahiya aka ce. Ni ƙosan jiya ne ya ɓata mani ciki. Tun da na balaga ban taɓa ajiye azumi ba, ba kuwa zan hwara don zato ba."

Na dubi maigidana. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, kai a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan takalminsa, amma kunyar ɗan fari ta hana shi sa baki. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan huce a kansa. Na san ciwon nan. Tsoho irin Baba, a zafin nan, ba ruwa a cikinsa, ba zai ga magariba ba. In ma ya gan ta, to a kan makara ne.

Can sai Baba ya sake magana. "Ina tsinken nan nasu da aka cika mamu kunne da shi? A kawo. In ya ce ciwon nan ne, na sha. In bai ce ba, a ƙyale ni in kai azumina."

Farin ciki ya kama ni, na buɗe jaka da sauri. Na ce a raina yau Baba ya kawo kansa. Na ce wa Inna ta samo mini kaɗan daga abin da ya fita. Ta zaro ido kamar na ce ta yi sata, amma ta shiga. Ta daɗe, na ji motsin buta da kwanuka. Daga baya ta fito da ɗan kwano mai murfi, an naɗe shi da tsumma fari tas, ta ajiye a gabana tana kallon gefe. Na sa safar hannu, na ɗiga, na girgiza, na tsoma, maigidana ya riƙe agogo.

Layi ɗaya ya fito, ja wur. Muka jira har lokaci ya cika. Na biyu bai zo ba.

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Daga ɗaki Baba ya ce, "To madalla. Shaidar da suka kawo da kansu ta ba ni gaskiya." Ni kuwa na yi zaune a ƙasa daɓas. Tsinken da na yi wa tafi a gaban jama'a, wanda na cika gida da labarinsa, yau shi ya juya mini baya, kuma a kan ran surukina. Idona ya ga ciwon, kunnena ya ji shi a muryarsa, amma ga abu a hannuna yana cewa babu. Na ji kamar in karya shi in jefa a kwata.

Na jawo kwanon zan rufe, sai wani wari ya daki hancina har ya sa ni atishawa. Ba warin ciwo ba ne. Warin da ya cika gidanmu ne tun ranar da na kawo galan.

"Inna, mi kika zuba a ciki?"

Ta kama bakin zani tana murzawa. "Ɗan maganin nan naki ne. Haba Murja, ƙazantar surukinki ce hwa. In miƙo maki ita haka nan tsirara? Na ɗauraye kwanon da shi, na kuma tsiyaya kaɗan a kai don kada ki ji wari."

Ban san lokacin da dariya da kuka suka kubce mini tare ba. Baiwar Allah, ta rufa wa mijinta asiri, ta kare mini hanci, ta kuma kashe abin da tsinken yake nema kafin ya gan shi. Na yi mata bayani a gurguje, na ce a sake. Ta shiga ta faɗa masa, ta fito jiki a sanyaye. Ya ce an yi shari'a an gama, ba a sake ta don wanda ya faɗi bai ji daɗi ba.

Azahar ta gota. Hadari ya taso, gari ya rufe, iska ta fara kaɗa labulen. Sai na ji wani nishi daga ɗakin, irin na wanda jijiyoyin ƙafa suka ɗaure masa, nishin da na sha ji a asibiti kuma na san abin da ke biyo bayansa. Ban yi shawara da kowa ba. Na cire takalmi, na yi sallama, na ɗaga labulen na shiga. Na ji Inna ta ce "La'ilaha illallahu" a bayana.

Mutumin da na sani dogo mai cika zaure, shi ne kwance a tabarma kamar an tsotse shi. Idanu sun faɗa, kumatu sun lotsa, fatar yatsunsa ta yamutse irin ta wanda ya wuni yana wanki. Da ya ga ni ce, ya lalubi mayafi ya ja ya rufe fuska. Na durƙusa a gefen tabarmar.

Na ce, "Baba, ni ce Murja." Ban taɓa faɗin sunana a gabansa ba sai ranar. "Shaidar da aka kawo, an toshe mata baki kahin ta yi magana. Ba laihin kowa ba ne, kunya ce. Ka bari a sake kiranta, nan gabanka, kana gani. Abin da ta hwaɗa, ni da kai duk mu bi."

Bai janye mayafin ba. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi da ƙarfi. Ina kallon mayafin yana ɗagawa yana sauka da numfashinsa, ina addu'a a zuci. Can sai hannunsa ya fito daga ƙarƙashi, ya ɗan ɗaga yatsu ya sauke. Na fita na ba Inna kwalbar asibiti sabuwa daga leda, na ce ko ruwa kada ya taɓa ta. Wannan karon ba ta naɗe ta da komai ba, ta dai miƙo mini tana kuka.

A gefen tabarmarsa na yi gwajin. Na tsoma tsinken na jingina shi, na ajiye kofin ruwan gishiri da sukari kusa da shi. An ɗauke wuta, hadari ya mai da ɗakin kamar bayan magariba. Maigidana yana bakin ƙofa da agogo, Inna tana jan carbi da ƙarfi har ana jin ƙarar 'ya'yansa. Layin farko ya fito. Na ƙura ido a inda na biyu zai fito, na ƙura har idona ya kawo ruwa. Ban ga komai ba. Maigidana ya ce lokaci ya yi. Na goge ido na sake dubawa, fari nake gani. Na ce a raina shi ke nan, na yi alkawari a gabansa, kuma ya kayar da ni sau biyu.

Sai na ga Baba ya janye mayafin daga fuskarsa. Ya ce, "Matso da shi bakin taga."

Na matsa da shi inda ɗan haske ke shigowa, na karkato masa. Ya ɗago kai da ƙyar, ya ƙanƙance idanun nan da suka shekara suna bin zare ɗaya-ɗaya a wuyan riga. Ya daɗe yana kallo. Ni ban gani ba, Inna ba ta gani ba, ɗansa yana nesa. Da ya mayar da kai ya yi shiru, da azuminsa ya tsira, ba kuwa wanda zai taɓa sani.

Ya ce, "Biyu ne, ɗiyata. Ga na biyun nan, siriri, bai gama nuna ba. Miƙo kohin."

Na sake dubawa, sai ga shi kuwa, ja-ja, kamar an ja zare a kan farin ƙyalle. Na tallafo kansa da hannuna, ya yi bismilla, ya sha, la'asar ma ba ta yi ba. Ya amayar, ya huta, ya sake sha. Ina ba shi ina kuka ina dariya, ina cewa, "Ƙara, Baba, ƙara kaɗan," kamar mai lallashin yaro.

Daga nan komai da gudu aka yi shi. Maigidana ya faɗa cikin ruwan nan ya samo motar maƙwabci, muka naɗe Baba a bargo, mota tana iyo a lungu har muka kai inda aka keɓe wa masu ciwon. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa hannu biyu. Ina tsaye a kansa na buga wa shugabarmu waya na ce layi biyu a Ƙofar Marusa, a gidanmu. Kafin a sha ruwa ma'aikata sun shigo unguwa, sun zuba magani a rijiyarmu da ta maƙwabta, liman ya yi sanarwa a dakata da kai kwano gida-gida sai abin ya lafa. Wannan ta fi komai yi wa Inna ciwo, ta ce azumi ba kwano ai ya zama na marayu. A kwanakin da suka biyo an sami waɗanda ciwon ya taɓa a lungunmu, amma da yake kowa ya ji labarin Baba ya sha ruwa da rana, ba wanda ya tsaya gardama. Ana fara zagawa ake ɗauko mutum.

Sakamakon babban ɗakin gwaji ya iso daga baya, ya tabbatar da abin da tsinke ya faɗa. Ya tarar da Baba zaune a kan gado yana shan kunu, yana yi wa ma'aikata faɗa wai sun sa sukari da yawa.

Ya dawo gida kafin Salla, ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Na yi zaton wani abu ya canja tsakaninmu, har na shirya gaisuwa mai tsawo. Na cire takalmi a zaure na durƙusa. Ya dubi bango ya amsa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Hwaɗa ma mutanen asibiti an gode." Na tashi na shige ciki ina murmushi, ban kuma ji haushi ba ko kaɗan. Da sanyi ya shigo ya rama azuminsa cif. Ya ƙara shekaru masu yawa yana ɗinki a zauren nan, ya ga jikoki, har Allah ya karɓi abinsa a kan tabarmarsa, da tsufa. Bai sake yi mini magana baki da baki ba.

Shekaranjiya, da yarinyar nan ta gama wayarta, ta ɗaga tsinken ta yi masa kallo ɗaya ta ce layi ɗaya ne, za ta jefa a kwandon shara. Na riƙe hannunta. Na tambaye ta a me aka kawo bayan gidan, ta nuna mini kwalba sabuwa, na shinshina ban ji komai ba. Sannan na ja ta har bakin taga, muka karkata shi ga haske, muka duba tare a tsanake. Ɗaya ne kuwa, alhamdu lillahi. Ta dube ni tana mamakin abin da ya sa idona ya cika. Ban gaya mata ba. A duk zaman da na yi a gidan nan sau ɗaya surukina ya kira ni ɗiyarsa, kuma a bakin taga ne, da tsinke irin wannan a hannuna.